Rahoton Kwamitin Gini Kan Gidan da Ikkilisiya Ta Gina a Jihar Maraɗi

Zuwa ga Baba Fasto, dattawa, zumuntar mata, matasa da dukan 'yan'uwa, muna gaishe ku cikin sunan Ubangiji.

Gidan da kuka aike mu ginawa a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ya kammalu, masu shi kuma sun tare. Ɗaki biyu ne da rumfa a gaba, da madafi da makewayi, an kewaye shi da zana kafin a samu halin katanga. Wadda aka gina wa gwauruwa ce, tana riƙe da 'ya'yanta da tsohuwar surukarta. Tunda rahoton nan zai hau intanet, mun bar sunanta da na ƙauyen a wurin dattawa.

Kowa ya ji labarin daminar 2024. A Nijar ambaliya ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya, ɗaruruwa suka rasu, jihar Maraɗi kuma na cikin inda abin ya fi muni. Ko tsohon masallacin laka na Birnin Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya faɗi a farkon Satumba. Gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun zama wurin kwanan waɗanda gidajensu suka rushe. A irin wannan aji 'yar'uwarmu ta fake da iyalinta, da aka buɗe makaranta kuma ta koma bukkar kara da leda. A nan mai bisharar ƙauyen ya rubuto mana.

Ba da baki ɗaya aka amince da tafiyar ba, kuma ya kamata rahoto ya faɗi haka. A ranar 10 ga Satumbar shekarar ne madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri, sai wasu dattawa suka ce ina dalilin tsallaka iyaka alhali namu na kwance cikin ruwa? Maganarsu na da nauyi, shi ya sa aka raba baikon gida biyu, aka fara tura na Barno. Amma mutanen Maraɗi ma ba bare ba ne. Mishan ɗin SIM da ya kafa mu shi ne ya shiga Damagaram a 1924, shi ne ya buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma da Hausa ɗaya muke sujada da su. Gardama ta biyu ita ce ko a aika kuɗi kawai, kuɗin mota ya koma siminti. Wata uwa daga zumuntar mata ce ta raba ta, ta ce zumunta a ƙafa take, amma ƙafar ta biya wa kanta kuɗin mota. Haka aka yi. Duk wanda ya je daga aljihunsa ya je, kuma ba a ɗauki ɗan kallo ba: birkiloli, kafinta, mai walda, ma'aikaciyar jinya, da matasa masu ƙarfin ɗaukar kwanon kwaɓi.

Da rani muka tafi, ta Katsina da Jibiya zuwa Ɗan Isa, da rana tsaka, don wannan hanya ba ta tafiyar dare ba ce. Iyakar da aka rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023 an buɗe ta tun Maris ɗin 2024. Ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da zirga-zirga yadda aka saba. Duk da haka mun tabbatar kowa na riƙe da takardar tafiya da katin riga-kafin shawara, da wasiƙar gayyata daga ikkilisiyar can.

Yanzu ga abin da ya fi cin lokacin kwamiti. Da yawa cikinku sun zaci gidan bulo za a yi tun daga ƙasa har sama, wasu ma sun tambaye mu da suka ga hoto, wai duk wannan baiko a kan ginin laka ya ƙare? Amsar na wurin tsohon maginin ƙauyen, wanda ya kai mu kangon tun kafin mu sauke kaya. Ya nuna mana cewa bangon bai narke daga sama ba. Gindinsa ruwa ya ci. Gidan a kwari yake, ta wajen fadamar Gulbin Maraɗi, an ɗora tubali kai tsaye a kan ƙasa ba tare da harsashin kirki ba. Ruwa ya kwanta kwana da kwanaki, gindin bango ya jiƙe ya yi laushi, rufin ƙasa kuma ya sha ruwa ya ninka nauyinsa a kan azarar da gara ta riga ta rarake. Ya ce da mu, "Malamai, laka ba ta da laifi. Ku raba ta da ruwa ta ƙasa da ta sama, jikokin yaran nan za su kwana a ciki." Muka duba gidajen da suka tsira a garin, duk na laka ne, amma a kan tudu suke, ko kuwa masu gindin dutse.

Don haka kuɗin ya tafi inda ruwa yake shiga. An haƙa harsashi har aka iske ƙasa mai tauri, aka zuba kankare, awo ɗaya na siminti, uku na yashi, shida na tsakuwa. A kansa aka jera bulon siminti cikakke, mara rami, har ya kai gwiwar babban mutum, aka cike ciki da marmara aka daddaɓe, aka shimfiɗa leda mai kauri don kada danshi ya hau bango. Daga nan ne tubalin ƙasa ya tashi. A saman ƙofofi da tagogi an zuba linta da rodi, aka kewaye ginin duka da ita ta ɗaure bangon wuri ɗaya. A cikinta mai waldarmu ya binne ƙarafan da aka ɗaure katakon rufi da su, domin guguwar farkon damina ba ƙusa take jin tsoro ba, kwano da katakonsa take kwashewa gaba ɗaya.

Hadari a ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne kullum yake shan dukan ruwa. Ba a yi masa ƙofa ba, aka kuma tsawaita bakin kwano ta wannan gefe fiye da sauran. Birkilolinmu sun so su shafe bangon waje da siminti ya yi kyau, magini ya hana. Siminti ba ya riƙe laka. Shekara biyu uku sai ya bubbuga, ruwa ya shige bayansa yana ci a ɓoye, mai gida na ganin bango lafiya. Aka yi yaɓen ƙasa da ramno irin wanda matar da 'ya'yanta za su iya sabuntawa da hannunsu kowane rani ba tare da sun nemi ko sisi a wurin kowa ba. A ganin kwamiti wannan ita ce hujja mafi ƙarfi. Gidan da mai shi ba za ta iya gyara shi ba sai ta aiko Najeriya, ba taimako muka yi mata ba, bashi muka ɗora mata. Ga kuma zafi: a Afrilu da Mayu ɗakin bulo mai rufin kwano ba ya kwantuwa a wannan ƙasa. Mun ɗaga bangon, muka sa tagogi suna kallon juna, kafinta ya yi silin da zana a ƙarƙashin kwanon, katakon kuma duk an shafe shi da baƙin mai saboda gara.

Kafin a sa diga a ƙasa sai da aka warware maganar fili, wadda ta fi ginin kansa wuya. Ba zai yiwu a sake gini a kwari ba. Mai gari ya sa baki aka yi musayar tsohon filin da wani a kan tudu. Sai dai filin gado ne na marigayi mijinta, 'yan'uwansa kuma suna raye, mu duka mun san yadda sabon gida yake tayar da tsohuwar magana. A Nijar, ƙarƙashin dokar karkara ta 1993, akwai kwamitocin filaye har a matakin ƙauye, mai gari ne ke shugabanta, suna ba da takardar shaidar mallaka. Mun ce ba za mu sayi buhu ɗaya na siminti ba sai takardar ta fito da sunan matar da 'ya'yanta. Ƙannen mijin suka zo suka sa hannu a gaban shaidu, babbansu ma shi ya fi kowa jidar yashi daga baya. Takardar tana hannunta, kwafi ɗaya na wurin mai bishara, ɗaya na wurin sakatarenmu. Duk kwamitin da zai yi irin wannan aiki nan gaba, ya fara da nan.

Ta fannin kuɗi, naira ta ba mu wahala. Sefa a ɗaure take da yuro, ita kuwa naira tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta zube, abin da muka tara ya ƙanƙance a hannun 'yan canji. Abin da ya rage mana zafi shi ne gwamnatin Nijar ta karya farashin siminti a Oktoban 2024 saboda masu sake gini. A kasuwar Maraɗi muka sayi siminti da kwano da rodi. Daga gida kayan aiki kawai muka ɗauka, da ƙusoshi da makullai. Mai bishara ne ya riƙe mana ciniki, don lissafin kasuwar can da dala ake yi, kowace dala sefa 5, in mai kaya ya ce ɗari to sefa 500 yake nufi. Mafi yawan kuɗin ya tafi a harsashi da rufi, sai ladan magina da na masu amalanke. Abin da barin bulo ya rage mana shi ya gina makewayi mai daɓen kankare, wanda babu shi a tsarin farko, an kuma haƙa shi fiye da mita 30 daga rijiya. Rasiɗai duka na wurin ma'aji, lissafin kuma an manna shi a allon sanarwa.

Kada a ɗauka mu muka gina gidan nan. Kafin mu iso mutanen gari sun riga sun yi gayya sun buga tubali, ya bushe yana jiranmu, in ba haka ba da zaman jiran rana za mu yi. Mafi yawansu Musulmi ne, har da samarin gidan liman. Mai bishara ya shawarce mu da mu fara kai gaisuwa wurin mai gari da liman kafin mu taɓa komai, kuma kada a kafa allo ko a rubuta sunan ikkilisiya a bango. Wanda ya tuna ƙona majami'u da aka yi a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 zai gane cewa zaman lafiyar da ke ƙauyen nan abu ne da ake lallaɓawa, kuma mu baƙi ne masu komawa gida, shi ne mai zama. Muna sujadarmu da asuba a ɗan ɗakin addu'arsu, in lokacin salla ya yi a ajiye cokalin gini a jira masu salla, a ci tuwo tare.

Sai mata. Kankare yana so a riƙa shayar da shi aƙalla mako guda, iskar rani kuwa tana busar da shi kafin ya kama. Ruwan nan duk su suka kawo shi, a ka da amalanken jaki, jarka bayan jarka, safe da yamma. Tsohuwar surukar, wadda kowa ke kira Inna, ita ta naɗa kanta mai gadin harsashi, ta zauna da sanda tana korar awaki, tana kuma yi wa matasanmu faɗa in suka yi ƙwauron ruwa. Ba a samu tsaga ko ɗaya ba.

Abu ɗaya bai yi mana daɗi ba, kuma har yanzu yana nan. Gida ɗaya muka gina a garin da gidaje da yawa suka faɗi. Waɗanda suka buga mana tubali, wasunsu a bukka suka koma suka kwana. Ba wanda ya yi ƙorafi a gabanmu, amma muna da ido. Abin da muka iya shi ne mun bar baro da shebur da diga da akwatin buga tubali a hannun mai gari don mai buƙata ya ara, ragowar simintin kuma aka gyara bakin rijiyar gari da shi. Samari biyu da suka riƙe wa birkilolinmu aiki sun koyi jera bulo da zuba linta. Kwamiti na ganin in Allah ya sake hore mana, gara a yi wa gidaje da dama harsashi kaɗai, masu su su ɗora bangonsu da kansu, da a sake gina cikakken gida guda. Mun miƙa wannan shawara ga dattawa.

Aikin da ya rage kaɗan ne. Akwai katanga, wadda matar ta ce a bar mata sai bayan kaka. Akwai magudanar da za ta janye ruwan kwano daga gindin bango, an haƙa amma ba a jera mata dutse ba, magini ya ɗauki alkawarin gamawa kuma an biya shi rabi. Mai bishara zai duba rufi da bangon gabas bayan ruwan farko mai ƙarfi ya sanar da mu, an kuma ware ɗan abin da ya saura a asusun don haka. In saƙon nasa ya iso, kwamiti zai gabatar da shi a taron ikkilisiya, ya miƙa littafin asusu ga masu binciken kuɗi, sannan ya roƙi a sallame shi.

Naku cikin hidima,
Kwamitin Gini