Zuwa ga Malam Sani, kan ranar da ARPANET ta tsaya cak

Assalamu alaikum, Malam Sani. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin can?

Ka ce za ka koya wa ɗalibanka asalin intanet. Na san za ka faɗa musu saƙon farko na ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta zama tushen intanet, na 29 ga Oktoba 1969, daga jami'ar UCLA zuwa cibiyar SRI a Amurka, wanda ya tsaya a "LO" maimakon "LOGIN" domin kwamfutar SRI ta ɗauke. Wannan kowa ya sani. Ni dai in ka bi tawa, 27 ga Oktoba 1980 za ka ba lokaci.

A zamanin ARPANET kwamfutocin jami'o'i ba sa magana da juna kai tsaye. Kowace cibiya tana da ƙaramar na'ura, IMP, wadda kamfanin BBN ya haɗa, ita ke yanka saƙo gunduwa-gunduwa ta tura ta layin waya mai gudun kilobit 50 a daƙiƙa, wato bit dubu 50 (bit shi ne 0 ko 1 guda ɗaya). Kowace IMP kan aika wa sauran sanarwar halin da layukanta ke ciki, kuma kowace sanarwa tana da lamba mai bit 6, wato daga 0 zuwa 63, sannan a koma 0. Ƙa'idar gane sabuwa ita ce: babbar lamba ce sabuwa, sai fa in tazarar ta wuce 32, to ƙaramar ce.

Ran nan wata IMP mai matsalar kayan ciki ta riƙa zubar da bit, wato 1 ya koma 0. Sanarwa ɗaya mai lamba 44 ta zama uku: 44 da 40 da 8. To lissafa. 44 ta fi 40 sabunta, 40 ta fi 8, amma tsakanin 44 da 8 akwai 36, saboda haka 8 ta fi 44. Duk wadda ta iso, IMP sai ta ɗauke ta sabuwa ta sake watsawa. Da yake irin wannan sanarwar ce ake fara kulawa da ita kafin saƙon mutane, ta cinye layuka da ma'ajiyar na'urorin, aka yi sa'o'i babu abin da ke wucewa. Kashe IMP ɗaya a kunna bai yi amfani ba, maƙwabtanta za su sake cika ta.

Ka sa ɗaliban su rubuta lambobin uku da 0 da 1 a allo: 101100, 101000, 001000. Da idonsu za su ga inda kowane bit ya faɗi.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Habibu