Allurar gyaran fuska: wa ke riƙe da sirinjin?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana mata, musamman waɗanda madubi ya fara gaya wa gaskiya irina. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara 35 ina aiki kafin na yi ritaya, kuma fiye da rabin shekarun nan a ɗakin tiyata na yi su.

Wata huɗu da suka wuce ƙanwata da muke ciki ɗaya ta aurar da 'yarta ta fari. Saura mako uku biki, sai ga talla a zauren WhatsApp ɗin da ƙawayenta suka buɗe don maganar anko. Wai wata ƙwararriya za ta sauka a Kano ta yi kwana uku kacal, tana cike kumatu, tana goge tamojin goshi, kuma wadda ta riga biya za a yi mata ragi. Ƙanwata shekararta 49. Abin da ke damunta shi ne layukan nan biyu da suke saukowa daga gefen hanci zuwa bakin leɓe, ta ce su ne suke sa ta fito a hoto kamar mai fushi. Ba ta shawarce ni ba, don ta san abin da zan ce. Ta je wani ɗakin otal, ta zauna a kujera kusa da taga, aka tsira mata allura hagu da dama, ta biya ta dawo gida.

Wajen ƙarfe goma na dare wayata ta yi ƙara. "Yaya, gefen hancina ya yi fari fat, kuma zugi yake min kamar an ɗora garwashi." Na ce me ya same ki? Ta yi shiru, sannan ta faɗa. Kafin in isa gidanta farin ya fara komawa shuɗi-shuɗi, dabbare-dabbare kamar zanen raga. Na danna wurin da yatsa na saki, jini bai dawo ba. Na tarar da ita riƙe da ƙanƙara a tsumma, wai mai allurar ce ta ce ta ɗora ta sha Panadol, zuwa safe zai baje. Na karɓe ƙanƙarar na jefar. Abin da aka tura mata ya toshe jijiyar da ke kai wa gefen hanci jini, sanyi kuwa ƙara tsuke jijiya yake yi.

A asibiti tambayar farko da likita ya yi ita ce: me aka yi mata da shi? Babu wanda ya sani. Ba kwali, ba takarda, ba ko rasit. Sai da na kira matar nan sau shida, na ƙarshe na gaya mata aikina da inda zan kai ƙara, sannan ta turo hoton kwalin. Allah Ya taimake mu fila ce, wato cikon da ake turawa ƙarƙashin fata, kuma irin wadda ake iya narkarwa. Amma maganin narkarwar, hayaluronidas, ba abu ba ne da ake samu a kowane kemis, sai da gari ya waye aka samo shi. Hancin ya tsira, sai dai ya bar tabo kamar ƙwayar wake. Ranar kamu uwar amarya ta yini tana jan mayafi tana rufe rabin fuska.

Ban rubuto don in yi wa kowa dariya ba. Ni ma na sha tsayawa gaban madubi bayan sallar asuba, in sa yatsu biyu a gaban kunnuwana in ja fatar sama, in ga fuskar da nake da ita shekara goma sha biyar baya, sannan in saki ta koma inda take. Son gyara halin mace ne tun kaka da kakanni, da kwalli da lalle da dilka muka taso. Abin da ya tayar min da hankali shi ne mata suna miƙa fuskarsu ga abin da ko sunansa ba su sani ba. Kowace allura a bakinsu "Botox" ce, alhali abu biyu ne mabambanta, Botox da fila, kuma hatsarinsu ba ɗaya ba.

Shi Botox guba ce da ake samu daga wata ƙwayar cuta, ita ce ke haddasa mummunar gubar abincin gwangwani da ya lalace. Ɗan mitsitsi ake tacewa a yi amfani da shi. Likitocin ido ne suka fara aiki da shi don gyaran harara-garke da ƙiftawar ido marar tsayawa, har wata likitar ido a Kanada, Jean Carruthers, ta lura a 1987 cewa tamojin da ke tsakanin girar marasa lafiyarta yana ɓacewa. Sai a 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi shi don kwalliya. Aikinsa ɗaya ne: ya sagar da tsokar da ke tattare fata idan an haɗe rai ko an ɗaga gira. Yakan ɗauki kwanaki kafin ya kama, ya yi wata uku zuwa huɗu ya sake, a koma a sake biya. Ba ya ɗaga kumatun da suka zazzago, ba ya cike rami. Idan aka yi shi ba daidai ba, fatar ido takan sauko ta rufe rabin ido, haka mace za ta yi makonni tana jira ya sake ta. Kuma a firji ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 da 8 na ma'aunin Salsiyos. To a garin da wutar lantarki take zuwa kamar baƙuwa, wadda ta ɗauko shi a jakar hannu daga filin jirgi, a ina ta ajiye? Ko a Amurka, a 2024 an kwantar da mata a asibiti a jihohi da dama saboda jabun Botox da waɗanda ba su da lasisi suka yi musu.

Fila kuwa ciko ce. Da shekaru suka ja, kitsen da ke ƙarƙashin fatar fuska yana raguwa yana kuma zamewa ƙasa, har ƙashin muƙamuƙi da na kewayen ido yana ɗan zaizayewa, shi ya sa fuska take faɗawa. Sai a tura wani abu mai yauƙi ya cike gurbin. Mafi yawansa hayaluronik asid ne, wanda dama akwai irinsa a jikin mutum, yakan yi wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi jiki ya shanye shi. Alherinsa shi ne yana da makari. Amma fuska cike take da ƙananan jijiyoyin jini da suke haɗe da na ido. Idan bakin allura ya faɗa cikin jijiya a tsakanin gira ko a kan hanci, cikon yana iya tafiya har bayan ido, mace ta makance nan take, kuma sau da yawa ganin ba ya dawowa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ruwan silikon da wasu ke turawa suna cewa "na dindindin ne, ba sai kin dawo ba". Gaskiya suka faɗa, ba ya fita. Bayan shekaru yakan dunƙule ya yi ƙulu-ƙulu, ya yi yawo a ƙarƙashin fata, kuma babu maganin da ke narkar da shi sai wuƙa.

Tiyatar ɗaga fuska ita ce babba, ita ce kuma kaɗai take gyara fatar da ta saki sosai a haɓa da wuya. Ana tsaga daga cikin gashi a sauko ta gaban kunne a zagaya bayansa, a ɗaga fata, a ja shimfiɗar tsoka da ke ƙarƙashinta a ɗinke, a yanke rarar fatar. Aikin awanni ne, kuma sai an yi mako biyu ko uku kumburi bai gama sauka ba. Idan ta yi kyau takan kai kamar shekara goma, amma tsufa bai tsaya ba, yana ci gaba daga inda aka mayar da shi. Akwai ƙaramarta ta fatar ido, wadda wani lokaci ma magani ce, ga dattijon da fatar ta sauko tana tare masa gani. Abin da ba a gaya wa matanmu shi ne mai hawan jini tana cikin hatsarin taruwar jini a ƙarƙashin fatar da aka ɗaga, mai ciwon suga da mai shan taba ko shisha ciwonsu ba ya saurin warkewa. Sannan mu baƙar fata muna yawan yin tabo mai tudu. Duk wadda hujin kunnenta ya taɓa yin tsiro kamar goro, ta yi tunani sau goma kafin ta yarda a zagaye kunnen da aska. Kuma kada a ɗauka tafiya waje ita ce kariya. A watan Oktoba na 2005 uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a Sifaniya bayan tiyatar rage kitse, kuma a 2009 kotun ƙasar ta kama likitan da laifin sakaci. Wannan matar shugaban ƙasa ke nan.

Gyaran fata da hasken leza da ruwan ɗaye fata ba zan tsaya a kansu ba, illa in ce yawancin hotunan "kafin da bayan" da ake nuna mana na Turawa ne. Abin da ya goge tamojin Baturiya yana iya bar wa Bahaushiya baƙin tabo da zai yi shekara bai tafi ba, sai a hannun likitan fata da ya saba da irin fatarmu.

A nan ne abin yake ba ni takaici. Allah Ya ba mu fatar da ta fi jure rana, shi ya sa tamoji yake jinkirin kama mu. Je ka ƙauye ka ga tsohuwa 'yar saba'in da ba ta san komai ba sai man kaɗanya da sabulun salo. Mu a birni sai muka sa hannu muka kankare wannan kariyar da man bilicin, muka tsufar da fuskar tun muna 'yan talatin, sannan muka fita neman allura. Haɗin da ake damawa a roba a kasuwa galibi da sitiroyid ne da haidurokwinon, wani har da makuri. Sitiroyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su fito kore-kore, haidurokwinon kuma idan an daɗe ana shafawa sai ya juya ya baƙanta kumatu da wani irin baƙi mai shuɗi wanda ba ya goguwa. Na gani da idona a ɗakin tiyata: likita ya sa zare zai ɗinke cikin mace bayan an ciro jariri, zaren ya riƙa keta fatar kamar ana ɗinka jiƙaƙƙiyar takarda. Ba sai an tambaye ta ba, gaɓoɓin yatsunta sun ba da labari. Ba banza ba a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan.

Abin da ya fi aiki kuma shi ne wanda ba a yi masa talla, don ba shi da tsada. Man kare rana mai lamba 30 ko sama kowace safiya, ko da za a sa niƙabi. Man tiretinoyin mai rage tamoji da daddare, gwargwadon ƙwayar wake ga duk fuskar, bisa rubutun likita, ban da mai ciki ko mai neman ciki. Shi sai an yi wata uku zuwa shida ake ganin bambanci, to wa zai jira, ga biki saura mako uku?

Akwai kuma ɓangaren addini, wanda ba fagena ba ne, amma ban ga dalilin da za a yi shiru a kansa ba. Malamai suna kafa hujja da sahabi Arfaja, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Gyaran abin da ya lalace ke nan, irin aikin da ake yi wa yaran da cutar noma ta cinye wa fuska a asibitin Sakkwato. Amma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta ce cire tamoji ta hanyar tiyata ko allura bai halatta ba sai idan larurar rashin lafiya ce. Kowace ta tambayi malaminta kafin ta tambayi farashi.

Wadda duk ta ji wannan kuma ta ce sai ta yi, to ni dai ga abin da na gaya wa ƙawayen ƙanwata da suka zo dubiya. A asibiti ake yi, ba a otal ko shagon kitso ba. Ki nemi ganin lasisin mai allurar daga hukumar likitoci ta MDCN. A buɗe kwalin a gabanki, ki ɗauki hotonsa da lambarsa da ranar lalacewarsa. Ki kuma tambaya: in jijiya ta toshe yanzu, maganin narkarwa yana cikin ɗakin nan? Idan aka fara kame-kame, ɗauki jakarki. Da ƙanwata ta yi wannan tambaya guda ɗaya, da ba mu kwana muna buga waya ba.

Malam Edita, roƙona shi ne ka tura wakiliyarka mace ta bi sawun waɗannan tallace-tallace na Instagram da TikTok, ta je a matsayin mai son yi, ta ga abin da ke cikin jakunkunan nan, sannan ta tambayi NAFDAC da ma'aikatar lafiya ta jiha ko wa ke sa ido. Ba za ta sha wahalar nema ba. Shekaranjiya ƙanwata ta turo min hoton wata sabuwar talla: sunan shafin ya canza, amma lambar wayar ita ce dai wadda na kira sau shida. Wai za ta dawo Kano bayan Sallah, kwana uku kacal, kuma har mutum goma sha ɗaya sun biya kafin alƙalami.

Wassalam.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Kano.