Dan Allah a riƙa tunawa da Barnaba

Ranka ya daɗe Edita,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Wani abu ne ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya: duk sanda aka tashi maganar waɗanda suka fara yaɗa Kiristanci sai ka ji Bulus, Bulus, in an yi ƙoƙari a ƙara da Bitrus, shikenan. To ina Barnaba?

Mutumin nan fa asalin sunansa Yusufu, Balawi ne (wato Bayahude ɗan kabilar Lawi) ɗan tsibirin Kubrus, ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzannin Yesu. Lokacin da Bulus ya zo Urushalima bayan tubarsa kowa tsoronsa yake ji, kuma ba laifinsu bane tunda jiya jiya yake farautar mabiya Yesu, Barnaba ne ya kama hannunsa ya tsaya masa. Shi ne kuma ya taka har Tarsus ya nemo shi ya kawo shi Antakiya suka yi shekara guda suna koyarwa, a garin ne ma aka fara kiran mabiya da sunan Kirista.

Wajen shekara ta 47 miladiyya suka fita wa'azi tare, Kubrus, Ikoniya, Listira har Darba. A Listira mutanen gari suka ɗauka alloli ne suka sauko, suka ce Barnaba ne Zeyus babban gunkinsu, Bulus kuma Hamis, manzon allolinsu, saboda shi ne mai baki. Ka ga ko su sun gane wane ne babba a tafiyar.

Rabuwarsu ce ta fi taɓa ni. Markus, ɗan uwan Barnaba, ya taɓa gudu ya bar su a Bamfiliya, da za a sake fita Bulus ya ce sam ba zai tafi da shi ba, Barnaba ya ce a ba yaro dama, gardama ta yi zafi har kowa ya kama gabansa, Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba kuma ya koma Kubrus da Markus. Ni dai a ganina Barnaba ne da gaskiya, don daga baya sai ga wasiƙar Bulus ana cewa a zo da Markus yana da amfani.

Wasiƙu 13 ke ɗauke da sunan Bulus a Sabon Alkawari, Barnaba ko ɗaya, ina jin abin da ya sa ya ɓace ke nan. Dan Allah wata rana ku ware masa ko rabin shafi.

Naka,
Wani mai bibiyar jaridarku