Jiran sabuwar manhajar waya: an bar jaki ana dukan taiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi bayani kan wani ƙorafi da ya yawaita a bakin masu manyan wayoyi, musamman waɗanda suka sayi na hannu da ake shigowa da su daga Amurka. Mutum zai ga wayarsa da ta abokinsa iri ɗaya ce, har launi, amma ta abokin ta karɓi sabuwar Android tun wata uku da suka wuce, tasa kuwa duk lokacin da ya shiga saitin ya danna sai ta ce masa ai manhajarsa ita ce ta ƙarshe. Daga nan sai ya zare sim ɗin MTN ya zura na Airtel, ya sayi data mai yawa, wani ma har ofishin kamfanin layi yake zuwa ya ɗaga murya. Duk wahalar banza ce.

Kamfanonin layi na Najeriya da Nijar ba su ne ke riƙe sabuntawar ba. Mu a nan waya a kasuwa muke saye, a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja ko Computer Village ta Legas, sannan mu nemi layin da muke so. Aikin layin kawai ya ɗauko data ya kawo. A Amurka abin ba haka yake ba. Yawancin mutane daga hannun kamfanin layi suke karɓar waya, AT&T ko Verizon ko T-Mobile, suna biya wata-wata. Kamfanin kan sa a dasa nasa hatimin a cikin manhajar wayar tun daga masana'anta, kuma babu sabuntawar da za ta sauka sai ya sa hannu. Wayar ta tsallako teku, ta kwana a kwali, ta shigo aljihun wani a Zariya, amma har yanzu umarnin wancan kamfani take jira.

Kafin ma a kai ga kamfanin layi, tafiyar doguwa ce. Google ke fitar da tushen Android. Daga nan masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su Qualcomm da MediaTek, su daidaita shi da kayansu, domin kyamara da modem da sauran sassa su fahimci sabon tsarin. Sai mai wayar ya ɗora tasa rigar a kai: Samsung tana da One UI, Tecno tana da HiOS, Infinix tana da XOS. Bayan nan ne kamfanin layi zai karɓa ya gwada. Yana duba kiran gaggawa na 911, da kira ta kan 4G, da kira ta Wi-Fi, da yadda wayar ke sauya hasumiya idan ana tafiya, sannan ya cusa nasa manhajojin da ba wanda ya roƙa. Idan ya ga aibu, sai ya mayar wa mai wayar, a gyara, a sake dawowa layi. Wannan kai da komo kan ci makonni, wani lokaci watanni. A 2012, Galaxy Nexus da Google ke tallatawa da kanta ta karɓi Android 4.1 a watan Yuli, amma ta hannun Verizon sai a Satumba.

Gwajin yana da dalili, kada a ɗauka mugunta ce zalla. Wayar da ta kasa kiran motar asibiti saboda kuskuren manhaja ba abin wasa ba ce. Sai dai a ganinmu kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗinsa ba ya gaggawa kan wayar da ta shekara uku, ya fi son mai ita ya gaji ya sayi sabuwa. Kuma ba kullum ne laifin nasa ba. Android 15 ta sauka a wayoyin Pixel na Google a Oktoban 2024, amma Samsung ba ta fara raba One UI 7 ga Galaxy S24 ba sai a Afrilun 2025, ta ma dakatar da rabon na 'yan kwanaki bayan an gano matsala. A nan babu kamfanin layin da za a zarga.

Masu iPhone ba su san wannan jira ba, domin Apple ba ta bai wa kamfanonin layi wannan dama ba tun farko. Rana ɗaya take sakar wa kowa, abin da kamfanin layi ke turowa ɗan ƙaramin saiti ne kawai. Tasu matsalar ta tsufa ce: iPhone 8 da iPhone X sun tsaya a iOS 16, ba za su wuce nan ba ko an shekara ana dannawa.

To ta yaya mutum zai san wa ke riƙe da wuyan wayarsa? Mu ɗauki Samsung, tunda ita ce ta fi yawa a cikin irin waɗannan wayoyi. Shiga saitin, ka sauka can ƙasa inda aka rubuta About phone, ka karanta lambar samfurin, ka lura da harafin ƙarshe. Galaxy S21, alal misali, idan ta ƙare da B, wato SM-G991B, ta Turai da Afirka ce. Idan U ce, ta kamfanin layin Amurka ce. U1 ta Amurka ce da aka sayar a buɗe, W ta Kanada, N ta Koriya. Daga nan ka shiga Software information, ka nemi layin da ke magana kan mai ba da layi. Za ka ga haruffa uku-uku an raba su da sanda. ATT na nufin AT&T, VZW na nufin Verizon, TMB kuma T-Mobile, XAA ita ce buɗaɗɗiyar Amurka. A layin nan, rukunin haruffa na farko shi ne wanda wayar ke aiki da shi yanzu, na ƙarshe shi ne asalin wanda aka ƙera ta dominsa.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Mai shago zai rantse cewa wayar a buɗe take, kuma gaskiya ya faɗa, kowane sim aka sa za ta ɗauka. Amma buɗe sim daban, sauya manhaja daban. An cire kwaɗon ƙofa ne kawai, mai gidan bai canza ba. Waɗanda suka fi wahalar da mutane su ne na AT&T, domin da yawansu ba sa neman sabuntawa sai sun ji su a kan layin kamfanin. Ba tare da sim ɗinsa ba, jiran gawon shanu ne. Na Verizon da T-Mobile sau da yawa suna karɓa ta Wi-Fi, sai dai a lokacin da kamfanin ya ga dama. Wani abin dariya ma, U1 da ake ganin ta fi kowa 'yanci ta sha zuwa a ƙarshe, saboda sai an tabbatar tana aiki a kan duk layukan ƙasar kafin a sake ta.

Akwai kuma jiran da ba na kowa ba ne illa tsarin rabo. Ba a sakar wa kowa lokaci guda. Ana farawa da 'yan kaɗan, a saurara kwana ɗaya ko biyu a ga ko wayoyi na mutuwa, sannan a faɗaɗa. Wanda rabonsa bai zo ba, ko sau ɗari ya danna amsa ɗaya zai samu. Wata dabara da ke yawo, wai a goge bayanan wata manhajar cikin waya mai suna Google Services Framework domin a tilasta wa wayar, gyaran gangar Auzinawa ce: tana sauya shaidar da Google ke gane wayar da ita, sai sanarwar saƙonni ta rikice, sabuntawar kuma ba ta zo ba.

Abin da ya fi sabon launi da sababbin alamomi muhimmanci shi ne facin tsaro. A shafin nan na bayanin manhaja akwai kwanan wata guda biyu. Ɗaya na facin tsaron Android ne, shi ne ke bi ta hannun mai waya da kamfanin layi. Wannan faci na wata-wata ya samo asali ne a 2015, bayan an gano ɓarakar da ake kira Stagefright, wadda saƙon bidiyo na MMS kaɗai kan iya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Ɗayan kuma na Google Play ne, wanda aka kawo da Android 10 a 2019 domin Google ta riƙa gyara wasu sassa kai tsaye ba tare da jiran kowa ba. Wannan na biyun kowa na iya danna shi da kansa, ya sauke, ya kashe wayar ya kunna. Idan na farkon ya haura shekara bai motsa ba, kuma a wayar nan kake shiga asusun banki, to lokaci ya yi da za a yi wani abu.

Mataki na farko ba ya buƙatar mai gyara. Ka sa manhajar Samsung mai suna Smart Switch a kwamfuta, ka haɗa wayar da kebul mai kyau. Idan akwai sabuntawa, sau da yawa maɓallinta kan fito a nan ko da wayar da kanta ta ce babu. Kafin ka taɓa komai, batir ya haura rabi, ka bar fili aƙalla gigabait 8 zuwa 10, domin babbar sabuntawa kan kai gigabait 3 zuwa 5 kuma tana bukatar wurin warwarewa. Ka ajiye hotuna da hirar WhatsApp. Sannan ka tabbata ka san kalmar sirrin asusun Google da ke kan wayar. Wannan shi ne abin da ya fi kayar da mutane. Yaron shago ne ya buɗe musu asusun ranar sayen waya, ba su taɓa rubuta shi ba, idan aka goge wayar sai ta tsaya a shafin farko tana neman asusun da ba wanda ya tuna.

Idan hakan bai yi ba, sai filashin, wato ɗora manhajar da hannu ta wata manhajar kwamfuta mai suna Odin. Ana kashe wayar, a danne maɓallan ƙara sauti da rage sauti tare, a soka kebul, sai ta shiga yanayin karɓa. Fayilolin huɗu ne, BL da AP da CP da CSC, kowanne da gurbinsa. Na huɗun iri biyu ne a cikin kunshin: wanda sunansa ya fara da HOME_CSC yana barin kayanka, wanda ya fara da CSC kawai yana share komai. Ana iya mayar da wayar U ta koma U1, tunda ƙarfensu ɗaya ne, kuma wannan ne ke raba ta da manhajojin kamfanin layi, amma a shirya wa gogewa gaba ɗaya. Abin da ba a yi shi ne ɗora manhajar B a kan U. S21 ta Amurka Snapdragon 888 ke cikinta, ta Turai kuwa Exynos 2100, suna ɗaya ne kawai suka haɗa.

Akwai kuma lamba ɗaya da ya kamata duk mai gyara ya duba kafin ya danna. A ƙarshen lambar manhajar Samsung akwai haruffa biyar. A ce ta ƙare da 5CXC1. Lamba 5 ɗin ita ce matakin makullin tushe, wato ɓangaren da ke fara tayar da wayar, C ta farko na nuna karo na uku na Android a wannan waya, X shekarar 2024 ce, kamar yadda W take 2023 kuma Y take 2025, C ta biyu watan Maris ne, tunda A ce Janairu. Wannan lamba ta farko gaba take yi, ba ta komawa baya. Wayar da ke kan 5 ba za ta karɓi manhajar da ke kan 4 ba, Odin zai tsaya ya nuna ja. Don haka wanda ya sabunta ya ga bai ji daɗi ba, sau da yawa babu hanyar komawa. Kuma kada a zare kebul ana tsakiyar aiki. A yi shi da kwamfutar tafi-da-gidanka mai cikakken caji, domin idan aka ɗauke wuta a kan ta tebur ana cikin rubutawa, wayar na iya maƙalewa a kan tambari.

A guji wanda zai ce zai ɗora maka wata manhaja da ba ta kamfani ba. A wayoyin Samsung akwai wani fis da ake kira Knox, da zarar an ɗora baƙuwar manhaja ya ƙone har abada, ma'ajiyar sirri ta Secure Folder ta daina aiki, wasu manhajojin banki ma su ƙi buɗewa. Manhajar kamfani ta asali ba ta ƙona shi. Bayan an gama kuma, idan wayar ta yi ɗumi ko caji ya riƙa saurin sauka kwana biyu ko uku, ba lalacewa ta yi ba, tana sake tsara manhajoji ne.

Masu Tecno da Infinix da itel, ku babu kamfanin layi a tsakaninku da sabuntawa, daga Transsion, kamfanin da ke ƙera su, take zuwa kai tsaye. Sai dai ƙananan samfurori da yawa a kan Android ɗin da suka zo da ita suke ƙare rayuwarsu, faci kawai suke samu jefi-jefi. Ba wani sim da zai canza wannan.

Ranar saye ce ta fi sauƙin gyara. Alƙawarin sabuntawa daga ranar da wayar ta fito kasuwa yake fara ƙirga, ba daga ranar da ta shigo hannunka ba. Pixel 8 ta 2023 da Galaxy S24 ta 2024 an yi musu alƙawarin shekara bakwai, S21 ta 2021 kuwa karo huɗu na Android aka ba ta, kuma ta riga ta cinye su. Wayar Ingila ta fi ta Amurka sauƙin sha'ani, tunda samfurin B ce, kuma tun Disambar 2021 hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, Ofcom, ta hana kamfanonin layi sayar da waya a kulle a can. Muna roƙon 'yan'uwanmu masu shaguna su riƙa faɗa wa mai saye harafin ƙarshe na samfurin da kwanan watan facin tsaro kafin a yi ciniki. Mai saye kuma ya nemi a haɗa wayar da Wi-Fi a gabansa, ya danna neman sabuntawa, ya karanta haruffan nan uku da idonsa kafin ya tura kuɗi.

Mun gode.

Wasu masu gyaran waya,
Kano