Wasiƙa zuwa ga abokina a Jidda

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna nan lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, hunturu ya fara kaɗawa. Hajiya tana gaishe ka.

Na ga saƙonka cewa za ka aiko wa takwaranka kwamfutar hannu a matsayin tsaraba. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Amma don Allah ka canza masa da ƙwallo ko keke, don rashin wasan yaran nan ya daɗe yana damuna.

Ka san yadda yinin yaro yake a Kano yanzu? Da sassafe a cusa shi a adaidaita sahu zuwa boko, ya dawo ya ci abinci a gurguje, a tura shi Islamiyya, bayan magariba ga aikin gida. Makarantar tasu ma gidan haya ne aka mayar azuzuwa, ko wurin tsalle babu. Filin da muke buga ƙwallo a bayan layinmu a Gwammaja tuni aka yanka shi shaguna. To me ya rage masa? Wayar mamansa, ya kife a kan tabarma, wuya a sunkuye har barci ya ɗauke shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 3 zuwa 4 ya samu minti 180 na motsa jiki a kullum, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa 1. A wata shawarar daban ta ce daga shekara 5 zuwa 17, minti 60 a rana na wasan da zai sa yaro haki. Mu da muka tashi a dandali muna ninka wannan ba tare da mun san ana ƙirgawa ba.

Tuna langa. Ka riƙe ƙafa ɗaya ta baya da hannu, kana tsalle da ɗayar, kana bangaje abokin karawa ba ka faɗi ba. Ƙashi yana ƙara ƙwari ne idan ana ɗora masa nauyi irin na tsalle da gudu, jiki kuma yana koyon tsayuwa daram. Yarinya mai carafke, ta cilla dutse sama ta kwashe na ƙasa ta cafe, ido da yatsu take horarwa, yatsun da za su riƙe alƙalami gobe. Har musun nan na "na taɓa ka", "wallahi ba ka taɓa ni ba" yana da amfani, don a nan yaro yake koyon sulhu da haɗiye zafin kaye.

Ba na ganin laifin iyayen da ke kulle yara. Ga motoci, ga tsoron satar yara, kowa hankalinsa a tashe yake. Mu dai a layinmu mun yi shawara da maƙwabta: Alhamis da Juma'a, tunda babu Islamiyya, bayan la'asar mutum ɗaya ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya sa musu ido, a bar su su yi ta gudu. Takwaranka yana dawowa buɗu-buɗu da ƙura, ya cinye tuwonsa tas, kafin isha'i ya fara gyangyaɗi.

In keken ne, ka duba mai ɗan tsayi, don yaron ya miƙe sosai. Ka gaida maiɗakinka da yara, ka sa mu a addu'a in ka je Harami.

Naka,
abokinka na Gwammaja