A Duba Abin Da Ke Cikin Kwamfuta Kafin Girman Allo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin matasanmu na Damagaram masu tara kuɗi domin sayen kwamfutar buga wasannin bidiyo. Ɗan ƙanena ya kashe rabin abin da ya tara a kan wani ƙaton allo, ya haɗa shi da tsohuwar kwamfuta, sai hoto ya riƙa tsayawa yana fizga, har ran yaron ya ɓaci.

Allo mai 144Hz yana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa guda, mai 60Hz kuma sau 60, amma wannan saurin ba zai amfani kowa ba idan katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hotunan da allo ke nunawa, irin na kamfanin Nvidia ko AMD, bai da ƙarfin samar da hotunan. A ganina, allo mai inci 24 da ɗigogin hoto 1920x1080 ya wadatar, ragowar kuɗin kuma a zuba shi a katin hoto, da RAM (wurin da kwamfuta ke riƙe bayanan da take aiki da su a lokacin) mai 16GB, da ma'ajiyar bayanai mai sauri da ake kira SSD.

Akwai kuma abin da ya shafi garinmu. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuwa tana toshe fankokin cikin akwati, na ga wata kwamfuta da aka buɗe a unguwar Birni ƙura ta yi mata kauri kamar auduga. Don haka a zaɓi akwati mai shan iska, a riƙa share shi, sannan a tanadi na'urar riƙe wuta saboda ɗaukewar lantarki.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga unguwar Zango, Damagaram.