Sakamakon gwajin jinin Innarmu ya hana ni barci

Assalamu alaikum Malama. Ina gaishe ki da aiki, tare da masu sauraren wannan shiri. Daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana.

Mahaifiyarmu ce ke fama da ciwon dajin ƙwan haihuwa. An yi mata aiki a Kano, yanzu ana yi mata ƙarin ruwan maganin daji, wato kemo, duk bayan mako uku. Kafin kowane zagaye sai an ɗebi jininta an auna wani sinadari da ake kira CA-125, wanda yakan hau a jinin masu irin wannan ciwon. Likita ya ce a jikin mace mai lafiya yawanci ba ya wuce 35. Na Inna ya haura 1,000 lokacin da aka gano ciwon, ya yi ta sauka har 120, muka yi ta hamdala. A gwajin baya sai ya koma 160.

Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Da yake ni ce na yi karatun boko a gidan, takardun suna hannuna, cikin leda a ƙarƙashin katifa. Tsakar dare sai in haska fitilar waya in jera su a tabarma ina kwatantawa. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, domin lambar kan hau idan ruwa ya taru a ciki ko akwai kumburi, shi ya sa suke bin tafiyarta a gwaje-gwaje da dama, su haɗa da hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, da yadda jikin mara lafiya yake. Na yarda da maganarsa, amma zuciyata ta ƙi nutsuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Inna ta fi da sauƙi a ido. Tana cin tuwonta, ta koma ɓarar gyaɗa a tsakar gida, gashi ya zube amma ta ɗaura kallabinta tana tsokanar jikoki. Ni kuwa in na dube ta, 160 ɗin nan kawai nake gani.

Ga kuma Yayanmu. Shi ya sayar da shanun huɗarsa aka fara jinyar, ba na ganin laifinsa. Yanzu cewa yake kuɗi na tafiya lamba na hawa, gara a dakatar a kai ta wurin mai maganin gargajiya. Ni ban yarda a yanke kemo a tsakiya ba tare da likita ya ce a yanke ba, amma ni ƙanwa ce, kuma ba aljihuna ke zuba ba.

Ita Inna ba ta san lambar ta hau ba. Duk sanda ta ce, "Me takardar ta ce, 'yar nan?" sai in ce da sauƙi. Malama, wannan rufin asiri ne ko tauye mata haƙƙi? Jikinta ne fa, kuma mace ce mai tawakkali, wataƙila ma ta fi ni iya ɗauka. Sannan ki ba ni shawarar yadda zan tunkari Yaya cikin ladabi ya haƙura har a yi hoton da likita ya rubuta, don wallahi ni kaina ban san yadda zan kai ranar gwaji na gaba da hankalina ba.

Wassalam. Taki, 'yar uwarki daga Ringim.